Sunan da Umma Ba Ta Kira

Park Hill, Staten Island
3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Sharifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma zafin hamadar da suka kai ku bai ƙarasa gasa ki ba. Mu nan ƙalau muke. Gwiwar Ummanki ta yi sauƙi, har tana hawa bene da kanta in lifta ta mutu. Ƙanenki Tajuddeen yana can Bronx yana tuƙa bas ɗinsa, sai Juma'a muke ganinsa. Ni kuwa kunnen hagu ya gama tafiya, na dama ma yana haɗa kaya, don haka kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin gidan waya na Kano ina rubuta wa mutane wasiƙa kafin in koma mai sayar da tabarau a Canal Street, hannuna bai manta ba.

Ranar Alhamis mun yi baƙo saboda ke. Wani dogon Bature ne, Mista Kowalski, ya nuna katinsa, ya cire takalmi tun ba a ce masa ba. Ya ce gwamnati ce ta aiko shi ya yi tambaya a kanki, don a ba ki cikakkiyar takardar yarda ta aikin sirri. Ummanki, Yaya Mariya, ta dama masa kunun gyaɗa, ni na zauna ina tafinta. Ya ja min kunne cewa in faɗi abin da ta faɗa kawai, ba ƙari ba ragi.

Da ya gama tambayar gida da maƙwabta, sai ya dube ta ya ce, "Sharifa 'yarki ce?" Ta sunkuyar da kai, ta ce da ni, "Ka gaya masa ta Rukaya ce." Na gaya masa. Ya ce to ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Ta ce, "Tajuddeen." Ya ce shi ke nan? Sai ta tashi ta shige kicin.

Wallahi na ji daɗi a raina. Shekara ashirin da huɗu a Amurka ba su cire mata kunya ba. Na so in yi masa bayani, sai na ga ai abin a fili yake, wace uwa ce za ta kama sunan 'yarta ta fari a gaban baƙo? Na dai gaya masa cewa Rukaya gwaggonki ce, ita ta riƙe ki a Kano har kika shekara goma sha huɗu, kuma ta rasu bara waccan. Ya yi ta rubutu, shafi biyu cur. Na san mun burge shi.

Ki riƙa shan ruwa da yawa.

Kawunki,
Tsoho


Sansanin gwaji
4 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya kasuwa, yaya gwiwar Umma? Ni lafiya lau nake, sai baƙi da na ƙara. Waya a bakin ƙofa muke barin ta, kai kuma ba ka jin waya, saboda haka na sayi ambulan guda ashirin. Duk wasiƙar da na rubuta ko na karɓa sai jami'in tsaro ya ɗauki kwafi. Ba ya jin ko "sannu", amma suna da mai karanta musu.

Kullum kana tambayata me nake yi. Zan gaya maka iyakar abin da jarida ta riga ta rubuta. Ka tuna ranar da ka zo gidan Gwaggo Rukaya, ka cire gilashin wani tsohon tabarau, ka tara hasken rana a kan takarda har ta kama wuta? Gwaggo ta kore ka da tsintsiya. To shi ne aikina, sai dai namu hasken inji ne yake yin sa, ana ce masa leza, kuma ƙarfinsa yana huda ƙarfe daga nesa. Ana so a riƙa kakkaɓo ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ake ɗora wa bam a aika kan sansani ko gari. Babu harsashi, babu ƙara. Ni nawa shi ne madubin da ke juya hasken, ya riƙe shi a wuri ɗaya a jikin jirgin da ke gudu. In ya karkata da kaurin gashi ɗaya, aikin banza aka yi.

Ba zan ce maka raina kwance yake koyaushe ba. Abin da aka ƙera don kariya, ban san hannun da zai faɗa ba nan gaba. Amma na ga hotunan abin da jiragen nan suke yi wa mutane, kuma na zaɓi in tsaya a gefen masu tare su.

Shekara shida nake kan madubin nan. A tsakiyar Oktoba manyan sojoji za su zo a yi babban gwaji, kuma ni ce zan zauna a kansa. Takardar yardar da nake da ita ta wucin gadi ce, ina jiran cikakkiyar.

Sai abu ɗaya. Tajuddeen ya ce min kana zama a masallacin Port Richmond kana cewa 'yarka tana ƙera bindigar haske. Kawu, don Allah ka bari. Kada ku yi maganata ko maganar aikina da kowa, ko wane ne.

Ka gaida Umma. Na san ba za ta amsa ba, amma ka gaya mata.

Sharifa


Park Hill
12 ga Satumba

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Wasiƙarki ta huɗu ga wata ta iso, ina jin ta yi saɓani da tawa a hanya. Na karanta ta sau uku. Maganar tsintsiyar Rukaya kuwa ba tsintsiya ba ce, muciya ce, ni na san inda ta same ni.

Na kama bakina a masallaci. Kuma gargaɗinki ya zo a kan lokaci, don jiya Mista Kowalski ya dawo. Ya ce akwai abin da bai gane ba, yana so ya sake zama da Yaya Mariya. Na tsaya a bakin ƙofa da sarƙa a saƙale, na ce masa an hana mu magana da kowa. Ya ce wa ya hana? Na ce Sharifa da kanta, a rubuce. Sai ya zura katinsa ta ƙarƙashin ƙofa ya tafi.

Kin ga kawunki ba bakin surutu kaɗai gare shi ba, yana jin magana.

Tsoho


Masaukin baƙi, wajen sansani
18 ga Satumba

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sauran kuma ga shi.

Ranar Litinin da safe na je bakin ƙofa, na ɗora bajona na shiga sansani a kan na'ura, ta nuna ja. Jami'in tsaro ya fito ya karɓe shi a gaban abokan aikina. Yanzu ina wani ɗaki a wajen shinge. Ta taga ina hango tudun da injinmu yake, amma ba ni da ikon taka ƙafa can.

Wasiƙunka biyu a rana ɗaya suka iso min. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na zauna.

Ga abin da ke cikin fayil ɗina. Na cika fom, na yi rantsuwa, na rubuta cewa Mariya ce mahaifiyata. An je an tambayi Mariya, ta ce ni ta wata ce, ta ƙirga 'ya'yanta ba ni a ciki. An duba takardar haihuwata, an ga ba ta asibiti ba ce, ta kotu ce, kuma Gwaggo Rukaya ce ta sa hannu. An koma a nemi bayani, kawuna ya ce na aiko a rubuce kada a yi magana. In kai ne Mista Kowalski, me za ka rubuta?

Kawu, ni 'yan masallaci nake nufi. Masu gyaɗa kai suna cewa "Allahu Akbar" su je su ƙara gishiri a Canal Street. Ban ce ka rufe wa gwamnati ƙofa ba. Kuma kai da ka yi shekara ashirin kana ciniki da Turawa da 'yan Sin, yaya aka yi ka zaci Bature ya san kunyar ɗan fari? Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na kuma yi fushi da kaina, da ban ce "'yan masallaci" ƙarara ba.

Na yi musu bayanin al'adar. Sun saurare ni da ladabi, sun ce ba daga bakina ake bukata ba. Na ce a gwada jini, sun ce kafin sakamako ya bi ofis-ofis gwaji ya wuce. In kuma aka rufe fayil ɗin a kan cewa na yi ƙarya, na bar wannan aiki ke nan har abada, babu kamfanin da zai sake buɗe min ƙofa.

Mista Kowalski ya yarda zai dawo sau ɗaya, ranar Litinin bakwai ga Oktoba, da tafintan gwamnati. Gwaji ranar sha bakwai ne. Magana ɗaya ake nema daga bakin Umma, ta kira sunana ta ce ita ta haife ni. Ban ce ka koya mata ƙarya ba, mai karanta wasiƙar nan shi ne shaida. Gaskiya kawai nake roƙo ta faɗa.

Sharifa


Park Hill
25 ga Satumba

'Yata,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Tun da wasiƙarki ta zo ban buɗe teburina ba. Na hau jirgin ruwa zan tafi kasuwa, na isa can, na sake hawa na dawo. Laifina ne, ban da abin cewa. Na zama tafinta mai faɗin kalma ya bar ma'ana. Na kira lambar katin nan, Tajuddeen ya riƙe min wayar, na ba mutumin haƙuri.

Na karanta wa Yaya Mariya wasiƙarki daga farko har ƙarshe. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Su duba takardun da na cika na kawo ta ƙasar nan, ai na sa hannu."

Na ce, "Yaya, sun gani. Bakinki ne ya ƙaryata hannunki, shi ya sa suke son bakin ya gyara."

Ta ce, "Tsoho, so kake in tsufa in yi abin da uwata ba ta yi ba? Inna har ta mutu ba ta kira sunan Yaya Babba ba."

Na ce Inna ba ta da 'ya mai ƙera leza. Ta ajiye farantin ta shige ɗaki. Maƙwabciyarmu Adwoa, 'yar Kumasi, ta shigo ta sa baki, ta ce su a zango sun bar wannan abu tun tuni, ita sunan ɗanta na fari ma take kira in za ta yi atishawa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin, yau kwana uku ba sa gaisawa.

Amma akwai abin da nake so ki sani, tun da kin girma. Ranar da aka yaye ki, Yaya Mariya tana da shekara goma sha tara. Rukaya ta zo ɗaukarki, tsakar gida cike da dangin mahaifinki, kowa ya zuba ido ya ga ko za ta nuna damuwa a yi mata dariya. Ta miƙa ki kamar mai miƙa ƙwarya, ko kallonki ba ta yi ba. Aka yi ta yabonta. Bayan an watse na je neman guga, na same ta a bayan ɗakin girki, ta cusa zanin goyonki a baki don kada a ji kukanta. Zanin yana nan a ƙasan akwatinta har yau.

Da ta zo ƙasar nan, shekara shida tana wanke tsofaffi a gidaje biyu, tana bin lauya da takardu, har aka ba ki biza. A duk shekarun nan ban ji ta kira sunanki ba ko sau ɗaya, kuma ban ga ranar da ba ta tambaye ni ko an ji labarin "ta Rukaya" ba. Haka aka gina ta. A wurinta, in ta faɗa a fili kamar ta tuɓe ne a kasuwa.

Ban ce ta yi daidai ba. Kullum da safe ina sake yi mata maganar, kullum tana ba ni shayi ta juya baya.

Kawunki mai laifi,
Tsoho


Masaukin baƙi
1 ga Oktoba

Kawu,

Na gaishe ka. Ka koma kasuwa don Allah, zamanka a gida ba zai dawo min da bajo ba. Na huce da kai.

An ba mataimakina madubin. Mutumin kirki ne, amma bai san yadda madubin yake yi in rana ta take ba, ni kuma an hana ni ko yi masa magana. Jiya na ga ƙura ta tashi a tudun, na san sun gwada, ban san ko ya riƙe ba.

Labarin zanin goyo ya sa ni kuka. Ya kuma sa ni wani fushin da ban san ina da shi ba. Shekarata talatin da biyu. Na ji Umma tana kiran Tajuddeen sau ashirin a wuni, ya zo ya ci abinci, ya sa rigar sanyi, ya rage gudu. Ni kuwa "ke", ko "waccan", ko "ta Rukaya". Ranar da na sauka a filin jirgi ina 'yar shekara goma sha huɗu, na ruga zan rungume ta, ta ɗauki jakata ta yi gaba. Ranar da aka ba ni digirin digirgir ta aiko ka da dambun nama, ita ta zauna a gida. Na san so ne, an sha gaya min. Amma ni ban taɓa jin yadda sunana yake fita daga bakinta ba, kuma ina son in ji. Wannan ba na gwamnati ba ne, nawa ne.

Duk da haka ka daina matsa mata. In ta faɗa don ka takura ta, za ta ji na saya da mutuncinta, ni kuma ba zan iya zama a kan kujerar nan da wannan a raina ba. In ba ta iya ba, zan dawo gida in nemi koyarwa. Na riga na fara haɗa kayana.

Sharifa


Park Hill
7 ga Oktoba

'Yata,

Lafiya muke. Yanzu baƙin suka fita, ko kofunan ba a kwashe ba.

Na bi maganarki, tun ranar Juma'a ban sake ce mata komai ba. Wasiƙarki dai na karanta mata, har wurin filin jirgi.

Ƙarfe goma suka zo, Mista Kowalski da tafinta, wata Madam Hajara 'yar Damagaram. Yaya Mariya ta fito da atamfar da take zuwa Idi da ita. Aka sa ta rantsuwa, ni aka ce in zauna in yi shiru. Ya buɗe littafinsa ya yi tambayar nan dai, kalma ba ta canza ba. Madam Hajara ta juya mata da Hausa.

Shiru. Ina kallon agogon bango, minti ya cika, ya shiga na biyu. Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Na ga Baturen ya fara mayar da murfin bironsa, na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinyar nan aiki.

Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Tsoho ya fita."

Na ce, "Yaya, ni ne fa."

Ta ce, "Shi ya sa."

Na fita baranda, aka rufe ƙofa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na manna kunnena a jikin ƙofar. Na manna na dama, na juya na manna na hagu don ruɗewa. Ko tari ban ji ba. Shekara talatin da biyu ina jiran in ji wannan magana, da ta zo kunnuwan banzan nan suka ci amanata.

Bayan kamar rubu'in awa ƙofa ta buɗe. Madam Hajara ce ta fara fitowa tana goge ido da gefen gyale. Na tare ta na ce, "Ta faɗa?" Ta ce aikinta ya hana ta maimaita abin da aka yi a ciki. Ta yi taku biyu, sannan ta juyo ta ɗaga min yatsu uku. Na gane, sau uku Yaya ta kira sunanki. Mista Kowalski yana ɗaura takalmi ya ce min yau zai aika rahotonsa, amma ba shi ne mai yanke hukunci ba, kuma bai san ko za a duba kafin ranar sha bakwai ba.

Da na shiga na tarar da ita a kicin tana wanke tukunyar da take a wanke. Ban tambaye ta ba. Can ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da wata 'yar takarda a ninke, ta ce in sa a cikin ambulan, kuma in na buɗe ba ta yafe ba. Ga ta nan, ban buɗe ba, ko da yake na ɗaga ta a hasken taga.

Kada ki ƙarasa haɗa kayan tukuna.

Tsoho


Sansanin gwaji
18 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ranar Talata da yamma aka mayar min da bajona, saura kwana biyu. Na yi kwana biyun nan a jikin madubi ina gyara abin da rana ta karkatar.

Jiya aka yi. Ba zan iya gaya maka nisa ko daƙiƙa ba. An saki jirgin, ya taho, na riƙe shi. Babu abin da ido yake gani yana fita daga injin, sai dai ka ga fiffike ya yi ja, ya yi hayaƙi, jirgin ya juya ya faɗo cikin yashi. Manyan sojoji suka yi ta tafi. Na ji daɗi, na kuma yi addu'a kada a taɓa juya shi kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Takardar Umma tana aljihun rigata a lokacin. Tun ranar da ta iso jami'in tsaro ya buɗe zai ɗauki kwafi, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce wannan wane rubutu ne? Na ce ajami ne, shi Umma ta iya. Ya ce me aka rubuta? Na karɓa na duba. Kalma ɗaya ce a tsakiyar takardar, an danna biro har ya kusa huda ta. Na ce sunana ne.

Ina tafe ranar Asabar ta sama. Kada ka ce mata ta zo filin jirgi, kada kuma ka yi mata maganar takardar a gaban kowa. Ka bari sai kun rage ku biyu, tana tsintar shinkafarta.

Ka ce mata na ce, na'am.

Sharifa